Shekarar da Yaya Asabe Ta Zo Ɗaukar Nana

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi ne Ya ga abin da ya faru, kuma gabanSa za mu tsaya a kai. Ku 'ya'yana da jikokina, ina jin abin da kuke faɗa idan kuna zaton barci ya ɗauke ni. Wasunku na cewa Yaya Asabe ba ta da tausayi, ta zo har Legas za ta raba yarinya da uwarta. Wasunku na cewa ni ce na wulaƙanta 'yar'uwata saboda wani fim na yara. To ku zauna ku ji daga bakin wadda aka yi a gabanta. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka Nana ce ke riƙe da biro ni kuma ina faɗa. Na hana ta gyara mini magana. Abu ɗaya na yarje mata: duk inda kuka ga sunan Rabi a takardar nan, ita ta sa shi don kada ku rikice. Ni "waccan" nake cewa. 'Yar fari ce, bakina bai taɓa kiran sunanta ba.

A Zangon Agege na haife ta, a ɗaki ɗaya da muke haya, lokacin babanku yana fataucin goro. Maƙwabtanmu Yarabawa ne, su kuwa al'adarsu da sunan ɗan fari ake kiran uwa. Sai ina tsaye a bakin famfo, maƙwabciyata Iya Bose ta ɗaga murya tun daga ƙofarta, "Iya Rabi! Iya Rabi!" Ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A wurinmu ba a haka. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi wani ne zai ɗauka, in an yabe shi kau da kai kake yi. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka taras, haka uwarmu ta yi wa Yaya Asabe.

Yaya Asabe uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ita ce babba. Ta yi aure a Funtuwa, ta shekara goma ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Da aka yaye Rabi sai ga ta a jirgin ƙasa, da saƙon uwarmu cewa a ba ta yarinyar riƙo. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ga abin tambaya ba. Na wanke kayan yarinyar na ɗaure a ɗankwali. Ranar tafiya babanku ne ya yi musu rakiya tasha, ni na ce ina da wanki. Yaya kuwa ta riƙe ta riƙo na amana, wannan ko a gaban Allah zan faɗa. Ta sa ta makaranta, ta yi mata kayan ɗaki tun tana 'yar shekara goma. Duk sa'ad da na je Funtuwa sai ta nuna mini ita tana alfahari, tana cewa, "Kin ga 'yar nan tawa? Ko faɗuwa ta yi ba ta kuka." Rabi tana kiran Yaya da Inna, ni kuma Hajiya, kamar yadda ake kiran matar maƙwabci. Da ta isa aure ta zaɓi Lawal, ɗan Funtuwa mai dillancin tumatir a kasuwar Mile 12, shi ya dawo da ita Legas suka zauna a Abule Egba. Ta tafi ba ta iya magana ba, ta dawo mini matar aure. Can ta haifi Nana, ita ma 'yar fari, sannan maza biyu suka biyo.

Shekarar da nake so in ba ku labari, Nana tana da shekara bakwai. Mijin Yaya ya rasu, idonta ya fara rauni, gidan ya yi mata faɗi. Ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi ta kira ni a waya.

"Binta, na raini uwar. Ki ba ni 'yar."

"Taki ce, Yaya."

Haka na faɗa, ko numfashi ban ja ba. Na gaya wa Lawal, ya ce ai mu ke da iko, ga shi tasa uwar ma tana Funtuwa, yarinya za ta koyi Hausa mai kyau. Sannan na je Abule Egba na taras da Rabi tana tsince wake a faranti. Ban zauna ba ma, a tsaye na gaya mata. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "To." Ni kuwa na ɗauki "to" ɗin nan na sa a aljihu na hau danfo, motar hayar Legas, na dawo gida. A nan na yi kuskuren. Na san sarai mace ba ta iya buɗe baki a kan 'yar fari, balle a gaban uwarta, balle a kan matar da ta raine ta. Na san ba ta da hanyar cewa a'a. Amma na ɗauki rashin a'a ɗin na mai da shi yarda, don ni ma haka aka ɗauki nawa.

Azumin nan ban ji daɗinsa ba, kuma ban san dalili ba. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe in manta abin da ya tashe ni. Sau biyu ina ƙona kunu. Carbi a hannuna amma lissafi ya ƙi tsayawa, sai in sake daga farko. Rabi kuwa duk zuwan da na yi sai in same ta kan keken ɗinki, tana ɗinka wa Nana riguna, wasu ma sun yi mata yawa, na shekara mai zuwa ne. Ta rame har wuyanta ya fito. Na ce azumi ne. Nana dai an gaya mata hutu za ta je wurin Inna.

Yaya ta iso ana jibi Salla, a gaban wata motar tumatir ta abokin Lawal, ƙafafunta sun kumbura saboda zama, amma fuskarta kamar ta amarya. Ta zo da kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, ta zo da 'yan awarwaro na roba. Aka tsayar da rana: kwana uku bayan Salla za su juya.

Washegarin Salla kowa ya taru a gidana. Bayan azahar hadari ya haɗo, ruwa ya kece irin na Legas wanda ba ya shawara, kwata ta cika ta tumbatsa, yara ba halin fita yawon Salla. Suka cika falo da ihu. Aka ɗauke wuta. Autana Sani, mai gyaran waya, haifaffen Agege wanda Hausarsa rabi ce, ya tayar da janareto ya jona wani ɗan abu a bayan talabijin.

"Oya, kowa ya zauna! Katun ne sabo. Hajiya, abeg ki ajiye carbin nan, wannan har manya yake sa su kuka."

"Zanen da wani ya zauna ya yi da hannunsa ne zai sa ni kuka?"

"Za mu gani."

Yaya ta ce, "Bar shi ya kunna, Binta. Mu ma mu ga abin da 'yan Ikko ke kallo."

Da Turanci ake yin fim ɗin. Ni Yarabancin kasuwa nake ji, Yaya kuwa ko shi babu. Sai Nana ta shiga tsakaninmu ta zauna, tana mayar mana da Hausa, Hausar nan tata mai gauraye da Yarabanci. Yaya ta ja mata kunne tana dariya.

"Ƙawata, wannan Hausar taki sai mun je Funtuwa na wanke ta da toka."

"Inna, ki yi shiru mana, za ki sa in ɓata."

Labarin kurege ne. Mu kuregen da muka sani a tatsuniya ɓarawo ne mai wayo, nasu kuwa har da ɗan zani a ƙugu da gida a kogon itace mai taga. Uwa ce da 'ya'ya uku a bakin wani kogi. Babbar 'yar mace ce mai manyan idanu, ba ta zama wuri ɗaya, komai ta taɓa sai ya faɗi. Yara suna ta dariya har da birgima a ƙasa. Lawal ma da yake ta amsa waya kan motarsa da ta maƙale a hanya, sai da ya murmusa. Rabi tana can bakin ƙofa a kan kujera 'yar tsuguno, da ƙaramin ɗanta a cinya. Ana nan, 'yar kuregen ta hau kan rumbun gyaɗarsu tana wasa, rumbun ya kife, gyaɗar shekara guda ta zube a kogi ruwa ya tafi da ita. Uwar ba ta doke ta ba. Ta dai tsaya tana kallon ruwan. Sai sanyi ya shigo, ganye ya kaɗe, abinci ya ƙare. Wata safiya uwar ta kama hannun babbar 'yar suka haye kogin a kan wani reshe, ta kai ta gidan wata tsohuwar kurege mai sanda wadda ke zaune ita kaɗai.

Nana ta ce, "Ta ce mata, zauna nan, ina zuwa yanzu."

Uwar ta juya ta tafi ba ta waiwaya ba. 'Yar ta zauna a bakin ƙofa har rana ta faɗi. Sannan ta dubi tsohuwar ta yi magana da wata 'yar siririyar murya.

Na ce, "Me ta ce?"

Nana ta ce, "Ta ce, saboda gyaɗar ne?"

Sai masu fim ɗin suka nuna mana abin da 'yar ba ta gani ba. Ashe uwar ba ta yi nisa ba. Tana bayan wani dutse, ta cusa jelarta a baki ta cije don kada kukanta ya fito.

'Ya'yana, a nan carbin ya tsaya a hannuna. Zan gaya muku abin da ko babanku ya mutu bai sani ba. Ranar da Yaya ta tafi da Rabi, ban yi wanki ba. Suna fita na yafa mayafi na bi ta bayan layi na je tasha. Akwai kwandunan goro da aka tara ana jiran lodi, na shige bayansu na tsuguna. Ina hango ta a kafaɗar Yaya tana riƙe da ɗan guntun rake. Nonona bai gama ƙafewa ba, ya jiƙe mini riga. Na cusa bakin mayafi a bakina na cije har jirgin ya ɓace, sannan na koma gida na jiƙa kaya a ruwa don a ga alamar wanki. Shekara talatin da wani abu ban tuna da ranar nan da rana tsaka ba. Sai ga wani wanda bai san ni ba, a wata ƙasa da ban san sunanta ba, ya zana ni da jela.

Fim yana ta tafiya, amma Nana ta daina fassara. Na taɓa ta na ce ta ci gaba. Ta juyo ta dube ni, idonta a bushe.

"Kaka, ni ma saboda filas ɗin Mama ne? Wanda na fasa da azumi?"

"Wane irin zance ne wannan? Hutu za ki."

"An sa mini takalmin makaranta a jaka. Ba a zuwa hutu da takalmin makaranta."

Lawal ya kara waya a kunne alhali ba ta yi ƙara ba. Sani ya miƙa hannu zai kashe, Yaya ta ce, "Bar shi. Mu ga ƙarshe." Rabi ta sauke yaron daga cinyarta a hankali, ta miƙe ta fita tsakar gida cikin ruwan. Nana ta janye jikinta daga tsakaninmu ta koma ƙasa cikin yara.

Muka ga ƙarshen ba mai fassara. Ba sai an fassara ba. Tsohuwar ta bar wa 'yar gadonta ta kwanta a ƙasa, tana fasa mata ƙwaya da haƙoranta biyu da suka rage, ta yi jinyarta da ta yi zazzaɓi. Da ganye ya tsiro uwar ta dawo a guje, suka rungume juna, aka sa kiɗa, yara suka tashi suna tsalle suna tafi. Matar Sani tana share ido da gefen gyale, shi kansa Sanin yana ta jan hanci yana cewa mura ce. Uwa da 'ya suka haye kogi. Tsohuwar tana tsaye a bakin ƙofarta tana ɗaga musu sanda. Daga nan ba a ƙara nuna ta ba.

Yaya ta matso da fuskarta kusa da talabijin, saboda idonta.

"Shi ke nan? Ya ƙare?"

Sani ya ce, "Ya ƙare, Inna."

"Ita tsohuwar fa? A bakin ƙofa suka bar ta?"

"Ai labarin ba nata ba ne."

"Haka ne," in ji Yaya. "Ita ba a sa mata kiɗa ba."

Na kasa zama. Na tashi kamar zan duba tukunya, na fita tsakar gida. Rabi tana tsugune a bakin famfo ruwa yana dukanta, tana goge wata tukunya da na san da hannuna na wanke ta da safe.

"Ke, shiga ciki, ruwa ake yi."

"To, Hajiya."

Ba ta motsa ba. Ni ma ban motsa ba. Ban taɓa tsayawa da ita mu biyu kaɗai ba tare da wani aiki a tsakaninmu ba, ban san inda zan sa idona ba. Can ta yi magana, tana kallon cikin tukunyar.

"Hajiya, ni me na fasa?"

"Ba ki fasa komai ba. Shekararki biyu."

"Yaran unguwarmu sun ce don ina da yawan kuka ne kika bayar da ni. Sai na daina. Duk zuwan da kika yi Funtuwa, ko ƙaya na taka ba na kuka, don ki gani. Ba ki taɓa dubawa ba."

Na zauna a kan turmi a cikin ruwan. Abin da Yaya take alfahari da shi, ni ma nake jin daɗinsa a ɓoye, ashe roƙo ne yarinya take yi mini shekara da shekaru, ni kuwa ina kau da kai don kada a ce na dubi 'yar fari.

Na ce, "Na je tasha."

Ta ɗago.

"Ina bayan kwandunan goro har jirginku ya tashi."

"Me ya hana ki fitowa?"

"Kunya."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi mamaki ba, don ita ma abin da ya ɗaure mata baki ke nan wata guda cur. Sai na yi mata tambayar da ya kamata in yi tun ranar da na same ta tana tsince wake.

"Kina so ta tafi?"

"Inna ce ta raine ni. Ba zan iya ce mata a'a ba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ruwa yana bin fuskarta, ban iya rarrabe wanne ne na sama ba. Sannan ta ce, a hankali kamar mai satar magana, "Ba na so."

Ran nan har magariba ban zauna ba. Da ruwa ya tsagaita na fita, na je ƙofar Iya Bose na juyo ban shiga ba, na bi layin masu goro har bakin titin jirgi, na dawo, na sake fita wai zan sayi ashana. Ina ta juya abin. Ni na yi kyautar, ni zan janye ta. Amma in na ce wa Yaya Rabi ce ba ta so, na kashe ta da rai, don Rabi ita ce kaɗai abin da ta mallaka a duniya. Kuma na jawo wa Rabi sunan butulu har Funtuwa. Don haka na ƙudura cewa a kaina zan ɗora. Wannan shi ne abin da ba ku sani ba, kuma sai da na nemi izinin Rabi kafin in faɗe shi yau.

Da safe bayan mun sha koko na shiga ɗakin da aka sauki Yaya. Tana ninke zannuwanta tana jerawa a jaka. Na durƙusa a gabanta kamar yadda nake yi tun muna yara.

"Yaya, yarinyar ba za ta tafi ba."

Hannunta ya tsaya a kan zanin.

"In ji wa?"

"In ji ni."

"Rabi ce ta aiko ki?"

"Ba ruwanta. Ni ce na fasa."

"Da bakinki kika ba ni, Binta."

"Da bakina."

"Saboda kuregen zane?"

Ta ajiye zanin ta ci gaba.

"Gaya mini, na zalunci Rabi ne? Kin taɓa zuwa kin same ta da yunwa? Kin taɓa ganin tabon bulala a jikinta?"

"Ban taɓa ba, Yaya."

"To me na yi?"

"Ba ki yi komai ba."

"Ai shi ne," in ji ta. "Shi ne."

Na ce ta zauna tare da mu a Agege, ga ɗaki, ga Rabi kusa, ga jikoki ta gan su kullum. Ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba.

"In bar ɗakin da mijina ya mutu, in zo in zauna a garin da ko gishiri ban iya saye ba sai da tafinta? Na gaya wa duk unguwa da jika zan dawo. Har malamar makaranta na yi wa magana." Ta zuge jakar. "Kin haifi bakwai, Binta. Allah Ya ba ki bakwai. Ɗaya na roƙa, ita ma ba daga cikinki ba."

Ba ta jira kwana ukun ba, ran nan ta tafi. Ta ƙi motar abokin Lawal, ta ce a kai ta tasha ta hau bas. Na haɗa mata tsaraba, garin rogo da manja da atamfa, ta tura su gefe da ƙafa. Na Rabi kuwa ta karɓa, ta dafa mata kai ta sa mata albarka. Ta kira Nana ta zura mata awarwaron nan a hannu, ta ce, "Ƙawata, Hausarki ta tsira." Ni ko kallona ba ta yi ba. Wannan karon na yi rakiya har jikin mota, na tsaya a fili inda kowa ke ganina, amma ta juya fuskarta ɗaya tagar.

Shekara biyu ta yi bayan nan. Kowace Juma'a suna waya da Rabi. Ni in na kira sai ta miƙa wa 'yar maƙwabta ta ce a ce tana salla. Na aika da manya su ba ta haƙuri, ta ce ba ta riƙe kowa ba, magana ce dai ba ta da ita. Dangi a Funtuwa suka ce zaman Ikko ya mai da ni Bayaraba, na manta zumunci. Ban musa ba. Da ciwo ya kwantar da ita, Rabi ta bar 'ya'yanta a wurina ta tafi ta yi jinyarta wata biyu. A cinyarta ta cika. Har ta koma ga Allah tana ganin 'yarta ba ta taɓa ce mata a'a ba, kuma wannan ɗaya dai na gode wa Allah da ban ƙwace mata shi ba.

Na isa Funtuwa an riga an kai ta. Da mutane suka ragu na ja Rabi gefe na tambaye ta ko Yaya ta ambace ni.

"Ta ce a ba ki wannan."

Ɗan makulli ne ɗaure da zare. Na ƙaramin ɗakin da ke kusa da nata ne. Na buɗe. An shafe bangon da farar ƙasa. Ga ɗan gado na ƙarfe, da katifa sabuwa ko ledarta ba a cire ba, da gidan sauro a ɗaure a sama. Ga 'yar buta ja, ga ƙaramar darduma, ga ƙusa a bango daidai tsayin yarinya inda za a rataya jakar makaranta. Ba ƙura ko kaɗan. Maƙwabciyarta ta ce tun kafin ta tafi Legas ta shirya shi, kuma har ciwo ya kayar da ita duk safiya sai ta shiga ta share, da lalube, don idon ya riga ya tafi.

Ban san abin da take nufi da makullin nan ba. Ko yafiya ce, ko so take in gani da idona. Na tambayi Rabi, ta ce ita ma ba ta sani ba. A ƙofar ɗakin na shimfiɗa tabarma na karɓi gaisuwa kwana uku.

Nana ta girma a gaban uwarta. Da za a mayar da ni safiyar nan, zan sake durƙusawa in faɗi abin da na faɗa. Amma kada wanda ya ƙara cewa a gidan nan Yaya ba ta da tausayi. Ita ba ta karya komai ba, ni na karya, kuma ita ta biya. In na mutu kuka ɗaga hannu za ku roƙa mini gafara, ku fara da Asabe.